Matar Galadima tana da sunan sarauta? Tambaya a kan sarautu da sunayen mata

Ummu Hanifa, Funtuwa:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandaren 'yan mata, kuma a bana ni aka ɗora wa nauyin rubuta wasan kwaikwayon da ɗalibai za su gabatar ranar rabon kyaututtuka. Labarin ya faru ne a fadar wani gari da na ƙirƙira, kafin zuwan Turawa, kuma tun da yake 'yan wasan duk mata ne, na ga ya fi kyau in rage yawan masu naɗa rawani da manna gemun auduga, in ƙara yawan matan fada masu faɗa a ji. To, a nan ne na cije. Na jero sarautun da na sani, Galadima da Waziri da Madaki da Ciroma da Turaki, na nemi samar wa kowace takwararta ta mata, kamar yadda muke koya wa yara malam da malama ko jakada da jakadiya, sai ga ni ina rubuta Galadimiya da Waziriya da Turakiya. Da na karanta wa kakata, wadda ta haura shekara 80 kuma ta yi ƙuruciyarta a gidan wani hakimi, dariya ta yi har tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin an kira wata mace haka ba, kuma matar hakimin da ta raine ta, har ta koma ga Allah, Uwargida kawai ake ce mata.

Abin da nake neman sani shi ne, shin waɗannan sarautu suna da takwarorinsu na mata da gaske, ko kuwa babu su sam? Matar sarki ita ce Sarauniya, matar Yarima kuma Gimbiya, kamar yadda nake gani a littattafan soyayya da ɗalibaina ke ɓoyewa a ƙarƙashin tebur? Haka nan ina so in sa wa wasu tagwaye da 'yan'uwansu sunayen da suka yi daidai da juna, na namiji da na mace, ba tare da na yi kuskuren da iyayen yara za su kama ni da shi a bainar jama'a ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Dattijon Ƙofar Doka, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya kakarki lafiya, domin dariyar nan tata ta amsa rabin tambayarki. A ƙasar Hausa sarauta muƙami ce da ake naɗa mutum ɗaya a kanta, da rawaninta da aikinta, a da ma har da garuruwan da ake karɓar haraji a ƙarƙashinta, kuma ba ta bin igiyar aure ta shiga ɗakin mata. Ki duba ma ta wannan fuskar: Galadima yana iya zama da mata huɗu, to wace ce a cikinsu za ta zama Galadimiyar, kuma idan ya saki wadda aka ba sunan, da shi za ta koma gidan iyayenta? Harshen bai samar da kalmar ba ne domin rayuwar ba ta taɓa neman ta ba.

Amma kada wannan ya sa ki ɗauka cewa mata ba su da sarauta. Suna da tasu, mai zaman kanta, wadda mace ke samu ta hanyar jinin gidan da ta fito ko ta hanyar naɗi, ba don wanda take aure ba. Mafi tsufa a cikinsu ita ce Magajiya. Labarin Daura da kowa ya tashi da shi ya nuna cewa mata ne suka yi ta mulkin garin, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa Daurama wadda Bayajida ya tarar lokacin da ya kashe macijin rijiyar Kusugu, kuma bayan mulki ya koma hannun maza sarautar Magajiya ba ta mutu ba, ta ci gaba da zama a hannun babbar mace daga gidan sarauta, wadda sarki kansa ke jin nauyinta kamar uwa ko da ba ita ta haife shi ba.

Kalmar Sarauniya kuwa, wadda ita ce ta fi ruɗar marubutanmu na yanzu, ba ta nufin matar sarki. Amina ta Zazzau ba wani sarki ta aura ta sami sunan ba. 'Yar Bakwa Turunku ce, ta yi mulki da kanta, ta ja runduna, kuma har yau a garuruwa da dama ana nuna tsohuwar ganuwa a ce ganuwar Amina. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wato a ƙarni na 15, ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, wasu masana kuma suna kai zamaninta ƙarni na 16. Akwai kuma Sarauniya a matsayin muƙami na fada a ƙarƙashin sarki namiji. Lokacin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka bar birnin bayan jihadi, suka kafa Abuja ta farko, wadda a yau ake kira Suleja, sun tafi da tsarin fadarsu, kuma a cikinsa akwai manyan sarautun mata guda biyu, Sarauniya da Iya. Sarauniyar 'yar gidan sarauta ce, ba matar sarki mai ci ba, Iya kuma tana tsaye ne a matsayin uwa, kuma al'amuran matan gidan sarki da aurar da 'ya'yansa a hannunsu suke.

Ga wani abin da zai ba ki mamaki a nan Zariya. Kalmar iya uwa take nufi, ko yaro ya san wannan, amma a yau Iyan Zazzau namiji ne, kuma sarauta ce babba ta 'ya'yan sarki. Marigayi Alhaji Bashar Aminu, wanda ya rasu a farkon 2021, ita ya riƙe, kuma yana cikin waɗanda suka nemi gadon sarautar Zazzau a 2020. Abin da ya faru shi ne, bayan jihadi, sababbin masu mulki sun riƙe sunan sarautar amma suka mayar da ita hannun maza. Wato ke kina neman hanyar mayar da sarautar maza ta mata, alhali tarihi ya yi akasin haka, ya ɗauki ta mata ya ba maza ba tare da ya sauya ko harafi ɗaya a cikin sunan ba. Sarautar Ɗan Iya da ake da ita a Kano da wasu masarautu ma, sunanta kaɗai ya isa shaida cewa an yi zamanin da zama ɗan wannan mace abin taƙama ne.

Sai dai in ja kunnenki a kan Magajiya. A ƙarnin da ya wuce sunan ya zube a bakin mutanen gari, har ya zama idan an ce magajiya, abin da ke fara zuwa ran wasu shi ne shugabar mata masu zaman kansu ko shugabar 'yan bori. Ni abin yana yi mini ciwo, domin suna ne da ya riga yawancin rawunan da ake ji da su a yau. Idan za ki sa Magajiya a wasanki, kuma ina ba ki shawarar ki sa ta, to tun fitowarta ta farko ki sa maroƙi ya ambaci asalinta, 'yar sarki jikar sarki, domin iyayen da ke zaune a kujerun baya su san wace Magajiya ake nufi.

Bagobira, Tsibiri:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma. Ina so in ƙara wani abu daga wannan gefen iyaka, domin abin da kuke ba da labarinsa a matsayin tarihi, mu a Nijar muna zaune da shi. Gidajen sarautar Gobir da Katsina da suka tsallako arewa bayan jihadi, suka zauna a Tsibiri da Maraɗi, ba su ba maza sarautun mata ba. A Gobir muna da Inna, a Maraɗi suna da Iya, kuma dukansu mata ne daga gidan sarauta, galibi 'yar'uwar sarki ko gwaggonsa. Ana naɗa Inna kamar yadda ake naɗa kowane basarake, tana da gidanta da mutanenta da makaɗanta, kuma a al'adance ita ce kan gaba a sha'anin bori da duk wata matsala da ta shafi matan ƙasa. Tun ina yarinya na san cewa idan rigimar mata ta gagari masu unguwa, sai a ji tsofaffi suna cewa a kai wa Inna, kuma wadda aka kira can ba ta tsayawa neman mayafi mai kyau kafin ta tafi. Ba wanda zai yi gangancin kiran matar Sarkin Gobir da sunan Inna don kawai tana aurensa.

Akwai kuma Sarauniyar Lugu a yankin Arewa na nan Nijar, kusa da Dogon Dutsi. Sarauniya Mangu ita ce ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, lokacin da sarakuna maza da dama suka buɗe musu ƙofa. Abin lura ga tambayar Malama shi ne, a Lugu Sarauniya sunan muƙamin ne, mace ke gadon mace, kuma babu wani sarkin da ake jingina ta da shi.

Wani misalin da nake ƙauna shi ne na Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ɗanta Abdulƙadir ma ya zama Waziri, amma ba a taɓa kiran ta Waziriya ba. Nana ce, 'yar Shehu, kuma iliminta ne ya ɗaukaka ta. Da ta kafa 'Yan Taru domin karantar da matan karkara, shugabannin da ta naɗa musu Jaji ta kira su, sunan da ake ba jagoran ayarin fatake, ba ta ƙara masa komai don ya zama na mata ba. Alamar da ta ba kowace Jaji kuwa malfa ce da jan rawani, irin wadda aka san Innar Gobir da ita, domin matan ƙauye su gane da ganin farko cewa wannan mai iko ce. Malama, idan kina neman kayan da za ki sa wa babbar macen fadarki, ga su nan.

Ɗan Yerwa, Maiduguri:

Ina gaida Baba Dattijo, amma da izininsa zan ɗan saɓa masa, domin maganar cewa aure ba ya ba mace suna a fada ba ta game ko'ina ba. Galadima da Ciroma da Yarima da Kaigama duk daga Barno Hausa ta aro su, kuma a fadar Barno akwai Gumsu, wadda ita ce uwargidan Mai, wato sarkin Barno, kuma aure ne ya ba ta wannan matsayi. Tare da ita akwai Magira, mahaifiyar sarki, da Magaram, 'yar'uwarsa. A Kanuri ɗan sarki Maina ne, 'yar sarki kuma Mairam, wanda shi ne irin jeren namiji da mace da Malama ke nema. Sai dai ko a nan ɗin, Gumsu kalma ce daban, ba a ƙera ta daga sunan Mai ba, kuma babu wani suna makamancinta ga matar Galadima ko matar Kaigama.

Goggon Yara, Kano:

Ɗan'uwana na Yerwa ya yi gaskiya, kuma a Kano ma akwai abin da ya yi kama da haka. Matan sarki ana kiran su Fulani, a ce Fulani wance, ko da kuwa matar ba Bafulatana ba ce, kuma akwai Uwar Soro wadda ragamar cikin gida ke hannunta. Amma waɗannan sunaye ne na girmamawa da tsarin cikin gida, ba rawani ba ne. Macen da ta fi kowa girma a tsarin Kano ita ce mahaifiyar sarki, Mai Babban Ɗaki, kuma haihuwa ce ta ba ta, ba aure ba. Hajiya Hasiya, mahaifiyar marigayi Sarki Ado Bayero, wadda asibitin yara na cikin birni ke ɗauke da sunanta, Mai Babban Ɗaki ce. Abin ya daɗe ƙwarai, domin Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Kisoki, wanda ya hau mulki a 1509, ya yi sarauta tare da mahaifiyarsa Iya Lamis da kakarsa Madaki Auwa. Kada wannan Madakin ya ruɗe ki, Malama, ki ce kin samo mace mai riƙe da sarautar dawaki. Madaki na maza gajarcewar Madawaki ne, nata kuwa masana suna karanta shi Maiɗaki, tsohon rubutu ne ya haɗa su wuri ɗaya.

Kada kuma ki manta da jakadiya, domin ita ce za ta raya miki wasan. Jakada a da shi ne wanda hakimi ke aikawa ƙauyukansa karɓar haraji, jakadiya kuwa ba matarsa ba ce kuma ba aikinsu ɗaya ba. Ita ce mai shiga inda fadawa maza ba sa shiga, ta ɗauko saƙo daga cikin gida ta kai soro, ta yi wa baƙi iso, ta raka amarya, kuma bakinta ba ya mutuwa. Na taɓa raka wata ƙawata gaisuwa gidan wani basarake, muka zauna a tabarma muna jira, sai jakadiyar ta fito, tsohuwa siririya da goro a kunci, ta dube mu daga sama har ƙasa, ta ce wa ƙawata ta cire takalmin 'yarta tun daga nan, sannan ta juya ta shige tana rangaɗa sallama tun kafin ta kai ƙofar. Ba mu ga uwargidan ba sai da ita ta ga dama.

Game da sunaye, a nan ne Hausa ke da jeren da kike so, kuma abin sha'awa shi ne a sunayen ranaku sau da yawa na macen ne tushe. Lami da Ɗanlami na Alhamis, Ladi da Ɗanladi na Lahadi, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar, Jummai da Ɗanjuma na Juma'a, Talatu da Ɗantala na Talata, Balaraba ko Larai da Balarabe ko Bala na Laraba. Wadda aka haifa da azumi Azumi ce, namijin Ɗan'azumi. Tagwayenki kuwa Hassan da Husaini ne idan maza ne, Hassana da Husaina idan mata ne, idan kuma an gauraya sai a ɗauki ɗaya daga kowane ɓangare gwargwadon wanda ya riga fitowa. Wanda ya biyo bayan tagwaye Gambo ne, mace ko namiji, kamar yadda Auta da Cindo ba su da bambanci. Akwai kuma jeren da ma'ana ce ta haɗa shi ba lafazi ba: namijin da aka haifa bayan mata Tanko ne, macen da aka haifa bayan maza kuma Kande ko Delu.

Inda za ki yi taka-tsantsan shi ne sunayen da suka zo daga Larabci. Habibu da Habiba, Jamilu da Jamila, duk waɗannan tushensu ɗaya. Amma Hadiza ba macen Hadi ba ce, Khadija ce bakin Bahaushe ya sarrafa; Safiya ba ta da haɗi da Safiyanu, haka Nafisa da Nafi'u. Sani da Salisu da Hamisu kuwa lissafi ne na masu sunan Muhammadu a gida ɗaya, na biyu da na uku da na biyar, shi ya sa ba a yi musu na mata ba. Wanda ya matsa sai ya samar wa Sani takwara, to ya san abin da zai kira 'yar mutane da shi, kuma ba na jin uwarta za ta yafe masa.

Mai Fassara, Kaduna:

Ni aikina fassarar labarai ne, kuma ina ganin na san ta inda ruɗanin ya shigo mana. A tsarin Ingila da yawancin ƙasashen Turai mace tana ɗaukar sarautar mijinta ranar da aka ɗaura aure, shi ya sa kowace sarauta a harsunansu take da siffar mace, amma miji ba ya ɗaukar ta matarsa. Sarauniya Elizabet ta II ta yi shekara 70 a kan gado, daga 1952 zuwa 2022, mijinta Filip bai taɓa zama sarki ba, kuma tun zuwanta Kaduna da Kano a 1956 mutanenmu mijin Sarauniya suke ce masa, suka huta. Da ɗanta ya gaje ta, matarsa Kamila ta zama abin da su suke kira da kalma ɗaya da ta Elizabet, sai muka shiga tsaka mai wuya a ɗakin labarai: idan muka ce Sarauniya, mai sauraro a Gumel zai ɗauka ita ke mulki, idan muka ce matar Sarki kuma mun rage mata abin da ƙasarta ta ba ta. Ni dai nakan ce Sarauniya Kamila, matar Sarkin Ingila, a ambaton farko, daga nan in ci gaba. Wannan tsarin na Turai, da finafinan da ake fassarawa, su ne suka koya wa matasan marubuta kiran matar Yarima Gimbiya. A Hausa gimbiya 'yar sarki ce, ko ta auri malami ko ɗan kasuwa tana nan gimbiyarta, 'yar talaka kuma ba ta zama gimbiya don ta auri ɗan sarki, sai dai a bakin mijinta. Yarima ma ba kowane ɗan sarki ba ne, sarauta ce da mutum ɗaya ke riƙewa a masarautar da ke da ita.

Ta fuskar nahawu kuma, akwai wata 'yar dabara da harshen ke yi wadda ta fi ƙarin -iya amfani. Sarautu da yawa suna ƙarewa da wasalin a, kamar sunayen mata, kuma harafin da ke haɗa su da sunan gari shi ke nuna jinsin mai riƙe da su. Garkuwa kalma ce ta mace, muna cewa garkuwar yaƙi, amma idan namiji aka naɗa sai a ce Garkuwan gari kaza, idan mace ce a ce Garkuwar, kamar marigayiya Hajiya Laila Dogonyaro, Garkuwar Garki. Haka Iyan Zazzau da Baba ya ambata: wannan n ɗin shi kaɗai ke sanar da kai namiji ne, ta Maraɗi kuwa Iyar Maraɗi ce. Da wannan dabarar muke rubuta shugabar makaranta da ministar kuɗi, ba tare da mun ƙirƙiri shugabiya ko ministiya ba. Na taɓa ganin an janye katin gayyata ɗari biyar daga wani wurin buga takardu saboda an rubuta wa wani basarake Garkuwar a maimakon Garkuwan, yaransa suka ce an mayar da maigidansu mace, kuma mai injin ne ya ɗauki asarar.

Inda aka yi ƙarin ma ba kullum yake zama lafiya ba. Kwamishiniya ta zauna daram, jakadiya ta sami sabon aiki har muna cewa jakadiyar Amurka a Najeriya, amma sakatariya ta zama kalma mai fuska biyu, mace mai aikin sakatare da kuma ginin ofisoshin gwamnati. Amira kuwa, wadda muka aro daga Larabci, ta samu gindin zama a ƙungiyoyin mata Musulmi, kamar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, amma ba wanda ke kiran matar sarki Amira duk da cewa sarkin nasa Amir ne a takardun Larabci. Matar gwamna kuma har gobe Uwargidan Gwamna ce, daidai da abin da Hajiya kakar Malama ta faɗa game da matar hakimi.

Ummu Hanifa, Funtuwa:

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana, Allah ya bar zumunci. Na soke Galadimiya da 'yan'uwanta. Yanzu fadar tawa tana da Magajiya, ƙanwar mahaifin sarki, da Iya, da Uwar Soro, da jakadiyar da na riga na san ɗalibar da za ta iya ta, domin ko a aji ba a rufe mata baki. Gimbiyar da na aurar wa ɗan sarki na mayar da ita ƙanwarsa, wanda ya tilasta mini sake fasalin fitowa ta uku gaba ɗaya, amma labarin ya fi daɗi a haka. Saura abu ɗaya, Baba Dattijo: idan Magajiya ta shigo fada, da wace gaisuwa fadawa za su tare ta, kuma ita za ta faɗi gaban sarki ta yi gaisuwa kamar sauran?

Dattijon Ƙofar Doka, Zariya:

Na karɓi gyaran ɗana na Yerwa, Gumsu ta kuɓuce mini. Malama, gaisuwar ba ta da wuya, ranki ya daɗe da Allah ya ja zamaninki sun wadatar, maroƙi kuma ya ƙara da ambaton iyayenta da kakanninta. Tun da kin mayar da ita gwaggon sarki, kada ki sa ta zube a ƙasa kamar bafade. A shimfiɗa mata darduma a gefensa, ta zauna, shi kuma ya sassauta murya idan zai yi mata magana, ya kira ta Iya ko Gwaggo, kada ya kama sunanta. Idan da wata magana mai zafi a tsakaninsu, ki sa a sallami fadawa tukuna, ko kuma jakadiya ta zo ta ce ana kiran sa a cikin gida. Gemun auduga kuma kada ki zubar da shi duka, ki ajiye guda uku, domin Sarki da Galadima da Waziri dole su fito, kuma ki nemi wanda ya iya naɗi ya zo tun da safe, don rawanin da aka naɗa da gaggawa ba ya kai ƙarshen fitowa ta farko.